Haƙorin Kaka da Gemun Tela

Ko da zan manta duk abin da aka koya mini a jami'a, ba zan taɓa manta ranar da na kai tsofaffi biyu gaban malamarmu ta fiziks don a auna shekarunsu ba. Yau na yi aure, ina koyarwa a wata sakandare a nan Lafiya, amma duk sanda na iso darasin auna shekarun tsofaffin abubuwa a aji sai na juya wajen allo na haɗiye dariya kafin na ci gaba.

Kakana na wajen uba manomin doya ne a Agyaragu. Yana da amini guda, wani tsohon tela da katanga ce kawai ta raba gidajensu, kowa a unguwa Tela yake ce masa. Tun ina ƙarama na san su a kan benci ɗaya a gindin mangwaro, kuma tun lokacin musunsu bai canza ba: wa ya girmi wani. Babu wanda aka rubuta ranar haihuwarsa a cikinsu, waɗanda za su ba da shaida kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya. Kaka ya ce a shekarar da fara ta cinye dawa aka haife shi, Tela ya ce a wannan shekarar shi har ya iya kama farar ya gasa. Haka za su yi ta yi har a kira magariba, su tashi su tafi masallaci tare.

Wasa ya zama gaske a wurin ɗaurin auren wata 'yar kawuna. Mai shela ya miƙa wa Tela goron farko, ya kira shi babban dattijon unguwa. Tela kuwa, maimakon ya karɓa ya yi shiru, sai ya ɗaga goron ya ce a gaban sababbin surukai, ai lokacin da ake goyon Kaka shi yana kiwon awaki. Jama'a suka kwashe da dariya. Kaka ya shafa fatiha, ya sa takalminsa ya tafi. Daga ranar ya ƙaurace wa bencin nan.

Da na zo hutu abin ya kai wata da watanni, kuma na tarar da Kaka ya faɗa. Mutumin da ke tashi da malmalar sakwara biyu ya koma taɓa abinci ya ture. Ba ya fita sai masallaci, can ma sahu daban yake shiga. Mahaifina ya yi magana, liman ya yi, duk a banza. Tela ma, in ji matarsa, ya daina kunna rediyonsa, ya ce ba shi da wanda zai ƙaryata labarun tare da shi.

Wata rana da yamma ina zaune a tsakar gida ina fere rogo, ina ba matan gida labarin karatu. Na ce akwai hanyar da masana ke bi su gane shekarun tsohon ƙashi ko gawayin da aka tono a ƙasa. Ashe Kaka yana ji daga ɗaki. Sai ga shi ya ɗaga labule.

"Amarya," haka yake kirana saboda wasan jika da kaka, "ƙashi kika ce?"

Na ce ƙashi na ce, amma na abin da ya daɗe da mutuwa, ba na mai rai ba. Bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya koma ɗaki ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance. Turmin haƙorinsa ne da ya fita bara. Na sake ƙoƙarin yi masa bayani, ya ɗaga mini hannu.

"Ke ɗaliba ce, rabin karatu gare ki. Kai ni wurin wanda ya koya miki."

Na buga wa malamar tamu waya cike da kunya. Mace ce mai son raha, ta yi dariya har da tari. Da na gaya mata halin da Kaka yake ciki sai ta ce in kawo shi, amma in faɗa masa ba a gwada abu ɗaya shi kaɗai, dole a zo da na abokin musun.

Nan aka yi cirko-cirko. Tela ba shi da sauran haƙori ko ɗaya da zai bayar. Da na je masa da saƙon, ya ce zai iya ba da gashin gemu, amma ba zai damƙa shi a hannun kowa ba. Hausarsa irin ta kasuwar Lafiya ce, mace da namiji duk "kai" ne.

"Kai yarinya, in ba kakanka gashina ya je ya yi mini asiri? Da ƙafata zan kai. In injin ya yi magana ina so kunnena ya ji."

Haka muka shiga mota ɗaya zuwa Lafiya, Kaka a gaba, Tela a baya, kowa ya sha babbar riga kamar za su gaban alƙali. Daga tasha muka hau keke napep. Na zauna a tsakiyarsu, suna magana da juna ta bakina. "Gaya masa ya janye gwiwarsa." "Gaya masa keken ba na gado ba ne." Mai keken yana ta leƙenmu ta madubi, bai san ko ya yi dariya ba.

Malamar ta tarbe su da girmamawa, ta durƙusa ta gaishe su, ta sa aka kawo ruwan sanyi. Kaka ya ajiye haƙori a kan tebur, Tela ya ajiye gashinsa da ya naɗe a ganye. Ta dube su da kyau, fuskarta ba alamar wasa, sannan ta fara bayani a hankali.

Ta ce komai da muke gani, dutse da ruwa da jikin mutum, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Cikinsu akwai wanda ake kira kabon, shi ne baƙin da ke cikin gawayi. Tsiro yana jan sa daga iska, mu kuma mu ci tsiron, ko mu ci dabbar da ta ci shi. A cikin kabon ɗin akwai wani ɗan kaɗan da ba ya zama lafiya, kullum yana rushewa yana rikiɗa ya zama wani abu.

"Baba, ku ɗauka randa ce mai tsiyaya," in ji ta. "Muddin ana zuba mata ruwa kullum, ba za a ga ta ragu ba. Haka mai rai yake, yana ci yana mayar da abin da ya zube. Ranar da aka daina zubawa, ranar ruwa zai fara sauka. Wanda ya san saurin tsiyayar, in ya leƙa randar zai faɗi tun yaushe aka daina zuba mata."

Tela ya tambaya yaya saurin yake. Ta ce sai an yi shekara wajen dubu biyar da ɗari bakwai kafin rabi ya tafi, sannan a sake wasu kamar haka kafin rabin abin da ya rage ya tafi. Tela ya riƙe baki ya ce wannan ai ba tsiyaya ba ce, rowa ce.

Kaka dai ya ƙosa. Ya ce, "Dakta, duk mun ji. Yanzu yaushe za a fara auna mu?"

Ta ce, "Baba, wannan agogon ba ya fara ƙirga wa mutum sai ranar da ya daina ci da numfashi."

Kaka ya dube ta, ya dube ni. "Wato sai na mutu?"

"Allah Ya ƙara nisan kwana, Baba. Amma haka ne."

Tela ya tuntsire da dariya har hularsa ta zame. Ya tura ganyensa gaba ya ce to a auna nasa, ai gashi ba ya numfashi. Malamar ta buɗe ganyen ta ce gemu kullum sabo yake tsirowa, wannan da ke gabanta da doyar da ya ci bara aka gina shi, in aka auna abin da zai nuna ke nan. Kaka ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

"Kun ji ko! Ɗan shekara ɗaya! Amarya, ki zama shaida, ilimi ya ce ɗan bara ne!"

Wannan ce magana ta farko da ya yi yana kallon Tela ido cikin ido tun ranar ɗaurin auren. Tela ya ce to a ɗauko na mai haƙori a gani. Malamar ta ce gaskiya haƙori tun yarinta yake ƙeruwa, amma injin da ke wannan aiki ba a nan yake ba, sai an aika nesa, kuma ko an aika, amsar takan zo da ƙari ko ragin shekaru masu yawa. Ma'aunin da aka yi don dubban shekaru ba zai raba tsakanin mutum biyu da suka yi wasan ƙasa tare ba. A wurinsa, in ji ta, su biyun tagwaye ne.

Ban san abin da na zata za su yi ba, amma ban zaci su haɗa kai ba. Kaka ya ƙulle haƙorinsa, Tela ya naɗe gemunsa, suka yi mata godiya da addu'a mai tsawo. Muna fita Kaka ya ce, "Ka ji fa, duk wannan gini da fankoki, ba su iya faɗin shekarun mutum ba sai ya mutu." Tela ya ce, "Ai ni tun a mota na san ba za su iya ba. In mutum ya mutu, wa ya tambaye su?" A keken komawa suka tura ni gefe suka zauna kusa da juna. Kafin mu kai tasha sun gama da jami'a, sun gama da 'yan boko, sun dawo kan shekarar fara. Sai da muka tsaya a kasuwa suka sa na sayo musu gasasshiyar masara, wadda a cikinsu babu mai haƙorin cin ta.

Washegari da hantsi na ji rediyon Tela yana tashi a gindin mangwaro. Kaka kuwa ya aiko a ƙara masa sakwara.

Sun ƙara wasu shekaru a kan bencin nan suna musunsu, ba wanda ya sallama. Tela ne ya fara tafiya, bayan gajeriyar jinya da damina. Na zo gaisuwa na tarar da Kaka zaune a zaure, ya rame, carbi a hannu. Na durƙusa na yi masa ta'aziyya. Ya ɗago kai ya ce, "Amarya, agogon nan na malamarku, ya fara masa ƙirga ko?"

Na ce, "Ya fara, Kaka."

Ya gyaɗa kai. "To ya riga ni ke nan. Ko gobe na bi shi, shi ne babba." Ya share ido da bakin rigarsa, yana murmushi. "Mutumin nan, sai da ya san yadda ya yi ya ci musun."

A ofishin malamar nan na fahimci darasin da na yi ta haddacewa ban gane ba, kuma har yau da randa mai tsiyaya nake koya wa ɗalibaina shi. Amma abin da ya fi zama mini shi ne wanda na koya daga tsofaffin. Ba kowace gardama ce ke neman a raba ta ba. Waɗansu mutanen musu ne igiyar da ta ɗaure su, in ka ga ta tsinke kada ka tsaya neman mai gaskiya, ka nemi dabarar da za ta sake zaunar da su wuri ɗaya tun suna da rai.