Buhun Takalma

Shekarun baya can, lokacin muna zaune a unguwar Aƙiƙ a ƙasa mai tsarki, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da wata makarantar 'yan mata. Wata ƙungiyar taimako ce ke tafiyar da ita da izinin hukuma, ana hadda ana boko, shi ya sa kowa ke rububinta. 'Yata tun tana shekara huɗu take leƙen layin safe ta tagar sama. Dokarsu ta ce maƙwabta ake fara ɗauka, don haka ni a wurina magana ta ƙare. Har rigar makaranta na ɗinka mata tun ba a buɗe rajista ba, don ku san irin rawar kaina.

Ranar rajista aka ce in kawo takardar haya ko ta wuta mai sunan maigidana. Ba mu da ko ɗaya. Gidan na kawunsa ne, ya ba mu sama muka zauna, a cikinmu kuwa wa zai iya buɗe baki ya ce kawu ya rubuta masa takarda? Sunaye suka fito babu na 'yata, alhali masu zuwa daga nesa sun samu da takardun aro na 'yan'uwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Maigidana ya ce in haƙura, na ce wannan haƙurin ba da ni ba.

A bayan ƙofa ina da wani buhu. Shekara uku ina tara abin da yaran makarantar ke jefowa ta katanga: ƙwallaye, igiyar tsalle, takalma wari-wari. Kullum sai in ce gobe zan mayar, lalaci ya hana. Na ɗauke shi, na je na zazzage a gaban mudira, wato shugabar makarantar. Jikar mutanenmu ce da suka zo hajji suka zauna, tana jin Hausa.

"Esh hada, mene ne wannan, 'yar'uwa? Kasuwa za ki buɗe mana?"

"Takardata ce," na ce. "Wanda ke nesa ba a jefa masa takalmi a tsakar gida."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta leƙa taga na nuna mata shanyata. Ta ce tayyib, wato to madalla, za su sake duba takardu. Bayan kwana biyu aka cire sunan wata yarinya aka sa na 'yata.

Ranar ina fitowa daga makarantar ina taƙama, sai na tarar da uwar yarinyar a bakin ƙofa riƙe da hannunta. Daga Awali suke, wata unguwa mai nisa, mijinta aikin gonar dabino yake yi.

"Na san takardar aro na kawo, Yaya," ta ce a hankali. "To amma mu da ke cikin gonaki, maƙwabtan wa ne?"

Kunya ta kama ni. Kan in isa gida na yanke shawara: riƙon yarinyar zan yi, kamar yadda iyayenmu ke yi a gida. Maigidana ya amince, uwar ma ta yarda. Sau uku ina komawa wurin mudira. Na ce daga Asabar zuwa Laraba, ranakun makaranta, yarinyar a ɗakina za ta kwana, ta zama maƙwabciya ta gaskiya. Ta ce babu kujera. Washegari na ɗauko kujerar gidanmu a kai na kai mata.

"Khalas, shi ke nan, wallahi kin fi ƙarfina," ta ce.

Shekara shida yaran nan biyu suna fita tare, ranar sauka ma tare suka zauna.

Har yau ina ganin maƙwabci ya kamata a fara dubawa, yaro bai kamata ya riƙa kallon makaranta ta taga a hana shi shiga ba. Sai dai na daina faɗar haka da ƙarfi kamar da. Yarinya ɗaya na iya ɗauka, Awali kuwa cike take da yara. Yanzu yarinyar ta yi aure, Umma take ce mini, uwarta ta zama aminiyata. Amma tambayar da ta yi mini a bakin ƙofar nan, har yanzu ban ba ta amsa ba.