Kabad ɗin da Ka Ƙi Kullewa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina cikin goge teburan masu karatu aka kira ni a waya cewa Allah ya yi maka rasuwa, Baba na Kanta. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Shekara sha tara muka yi tare a laburaren nan, kana kan kantar ba da aron littattafai.

Ba zan rufe halinmu ba don ana makoki. A wurinmu, duk ma'aikacin da littafi ya ɓata a lokacin aikinsa, takardar tuhuma ke jiransa. Sai muka koyi wayo: sababbin littattafai mu jera su a kabad mai gilashi, mu danna kwaɗo, in an tambaya mu ce mai makullin ya fita. Bakina ya saba da wannan ƙaryar har na daina jin nauyinta.

Kai ne ka ƙi. Kullum da safe sai ka buɗe kabad ɗin ka koma kujerarka. Takardar tuhuma bakwai ka sha, ƙarin girma ya tsallake ka sau biyu. Ban manta da ɗalibar nan mai koyon aikin jinya ba, ta zo neman littafin jarrabawa na ce mata babu. Ka tashi ka ɗauko mata, sannan ka dube ni ka ce, "'Yata, gara muke ajiye wa?" Na yi mako ina fushi da kai, alhali na san kai ke da gaskiya.

Ko kwana uku ba ka yi a kabari ba shugaban laburaren ya miƙo mini sabon kwaɗo, wai daga Litinin a koma tsari. Na karɓa da hannu biyu, na ce, "To, ranka ya daɗe." Ranar Litinin na zo da sukudireba daga gida, na kwance ƙyauren kabad ɗin duka biyu, na jingina su a ofishinsa, kwaɗon na jiki a kulle kamar yadda ya umarta. Jiya takardar tuhumata ta farko ta iso, na sa hannu.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya buɗe maka ƙofofin rahamarsa. Ina yi wa Inna mai ɗakinka da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma da ka bari, Allah ya ba mu taurin kai irin naka.