Mai Tsaron Fayil ɗin Masaƙa

Kafin Baban Rajista ya zauna a kujerarsa, sai ya ƙwanƙwasa tebur sau uku da bayan yatsa. Kowa a ofishin ya san da haka, har Anti mai buga takardu tana tsokanarsa wai gara yake yi wa sallama. Abin da ban taɓa jin wani ya ambata ba shi ne, in ya ƙwanƙwasa ba ya zama nan take. Yakan tsaya, ya ɗan karkata kai gefe, kamar mai jiran a amsa. Na taɓa auna tsayuwar a zuci, numfashi huɗu ce. Sannan ya ja kujera.

Sashenmu yana hawan ƙasa na ma'aikatar, a ƙarshen wani dogon baranda da rana ba ta leƙawa. Mu ne muke karɓar takardun masu neman gwamnati ta ware musu rana a kalandar ƙasa. Masu kiwon zuma sun nema, direbobin manyan motoci sun nema, haka ma ungozomomi. Kwamiti na mutum tara yana zama sau ɗaya a shekara, ya duba abu uku: ko lamarin ya shafi ƙasa baki ɗaya, ko ranar ba ta yi karo da wata da aka riga aka ware ba, da kuma ko masu neman sun yarda a kan kwanan wata guda. Wasu su samu hutu, wasu su samu suna kawai a jaridar gwamnati, mafi yawa a ce musu sai baɗi. Akwai kuma ƙa'idar da kowa ke tsoro. Dole wani da abin ya shafa kai tsaye ya zo da ƙafarsa ya sa hannu kafin zaman kwamiti. In ba wanda ya zo, a rufe fayil a sauke shi sito, kuma abin da ya shiga sito ba ya dawowa. Ma'aikacin sashen kuwa ba shi da damar sa hannu a kowace takarda.

Shekara ashirin da takwas Baba ya yi yana riƙe da rajistar. Mutum ne siriri, mai ɗingishi kaɗan a ƙafar hagu, ba ya shiga ɗaki sai ya fara ɗaga kai ya dubi rufi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna aure a nesa. Hawa ɗaya kawai gare mu zuwa sito, amma tunda na zo ban ga ya sauka ba. In an ce a kai fayil, sai ya miƙo mini makulli ya ce, "Malama, ƙafar tsoho." Sito ɗaki ne mai sanyi, da bututun ruwa jere a bango. Wani lokaci sukan yi ƙara su kaɗai, ƙas, ƙas, kamar ana taɓa su daga ciki. Ba na daɗewa a can.

Fayil mafi kauri a kantarsa shi ne na masaƙa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ginin wata masaƙa mai hawa huɗu ya rufta da ma'aikata, mutum sittin da uku suka rasu. Sharaɗi na ɗaya da na biyu ba su taɓa ba kwamiti wahala ba. Na ukun ne ya tsaya. Rahoto ɗaya ya ce tara ga wata, ranar da ginin ya faɗi. Ɗaya rahoton ya ce sha biyu, ranar da aka tsayar da tono aka sanar cewa ba sauran mai rai. Iyalai kuma kowa ya riƙe ranar da aka ciro nasa. Na karanta takardunsu, na ga tara, na ga goma, na ga sha ɗaya, kowanne da rubutun hannu mai danne biro. Duk shekara kwamiti ya rubuta a gefe: su je su daidaita.

Ba su daidaita ba, sai dai suka yi ta raguwa. Da farko benci biyu ba ya ɗaukarsu. Lokacin da na fara aiki saura mutum ɗaya, wata tsohuwa da muke kira Iya mai lema, wadda 'yarta ta rasu a ginin. Bara na ga zuwanta. Ta jingine lemar, ta dangwala yatsa a tawada, ta ce a rubuta mata goma ga wata.

"An ce mini ba ta sha wuya ba," in ji ta. "Kwana ɗaya kacal. Ko ba haka ba, Malam?"

Baba ya ce, "Allah Ya jiƙanta, Iya." Ya busa tawadar har ta bushe.

Bana kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Ranar Litinin Iya ba ta zo ba. Ranar Talata da hantsi wata mata ta shigo riƙe da leda, ta ce ita maƙwabciyar Iya ce, an yi jana'izarta makonni uku da suka wuce. A cikin ledar akwai 'yan takardun shaidar sabuntawa guda talatin, an ɗaure su da zare.

"Ta ce in kawo wa mai ɗingishi," in ji matar. "Ko ni zan iya dangwala mata?"

"Kina da wani naki a ginin?" Baba ya tambaya.

"A'a, ni lokacin ko aure ban yi ba."

"To, ba ya yiwuwa. Mun gode, Allah Ya saka."

Da ta fita, Anti ta cire tabarau ta ce, "Shi ke nan, kanta za ta huta. Fayil ɗin nan ya fi ni ƙiba, kuma ka san ba ƙaramin abu ba ne." Ta yi dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta koma kan injinta.

Ranar Laraba Darakta ya leƙo ya ce a shirya fayil ɗin masaƙa, gobe da zarar kwamiti ya tashi a sauke shi. Baba ya ce, "To, ranka ya daɗe." Da rana kowa ya fita cin abinci, ni da shi kaɗai muka rage. Fanka tana juyawa a hankali. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wani tsohon kati da ya yi ja, ya ajiye a gabana. Katin aikin masaƙa ne, da hoton wani saurayi mai cikar gashi. Sai da na dubi kunnuwan na gane shi. A ƙarƙashin katin akwai takardar asibiti, an rubuta ranar karɓa: sha huɗu ga wata.

Na ce, "Baba, ai sha biyu aka daina tono."

"Sha biyu aka daina," in ji shi. "Masu tsintar ƙarfe ne suka ga ƙafata. An riga an buga rahoto, an ƙirga, an rufe. Ba na cikin matattu, ba na cikin waɗanda aka ceto."

Ya yi maganar yana kallon bango, da muryar da yake karanta lambar fayil. Ya ce a can ƙasa ba a ganin komai, amma akwai jirgin ƙasa da ke wucewa bayan masaƙar kowace safiya, da kukansa ya riƙa ƙirga kwana. Akwai bututun ruwa kusa da kansa. Ya ƙwanƙwasa sau uku, sai ya ji an amsa daga wurare da yawa, wasu kusa, wasu can nesa. Bayan jirgi na farko ya ƙirga amsa goma sha ɗaya. Bayan na biyu, shida. Bayan na uku ya ji injinan tono sun yi shiru, ya ɗauka hutu suka tafi.

"Ranar sha uku da safe akwai mutum ɗaya da yake amsawa. A hankali, amma yana amsawa. Da rana na buga, na jira. Na sake bugawa."

Daga can cikin bango bututu ya yi ƙas. Tsohon gini ne, kullum yana yi in an buɗe famfo a sama. Duk da haka mu biyu muka kasa kunne har ya daina.

Na tambaye shi ko 'yar Iya ce. Ya ce bai sani ba, bututu ba ya faɗin suna. Shi ya sa shekara ashirin da takwas yana busa wa Iya tawada bai ce komai ba. Ya ce ya nemi aiki a sashen nan ne don ya zauna kusa da fayil ɗin, sai daga baya ya gane kujerar da ya samu ita ce ta ɗaure masa hannu.

Ranar Alhamis ya zo da wuri, sanye da riga mai guga. Wata huɗu ya rage masa ya yi ritaya. Ya shiga wurin Darakta da takardar ajiye aiki a hannu, ƙofar kuma ba ta rufu sosai ba.

"Baba, wata huɗu fa! Ka san abin da za ka rasa?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma ko ka sa hannu, ba za su ba da ranar ba. Kai ka fi kowa sanin mutanen nan."

"Ban ce su ba da ba. Kar dai a sauke shi ƙasa."

Can sai muka ji bugun hatimi.

Ya fito, ya cire katin ma'aikata daga wuyansa ya ajiye a kan rajista. Ya zagaya kanta, ya je ya zauna a bencin masu nema, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Anti ta miƙe tsaye.

"Baba, wasan me ke nan? Tashi don Allah, benci duk ƙura."

"Layi nake bi, Hajiya. Ko an tashi aiki ne?"

Duk suka juyo suna kallona, don ni ce ke kan kanta. Na ɗauko fom na kira shi. Ya miƙo katin masaƙa da takardar asibiti, na duba su kamar yadda shi da kansa ya koya mini, gaba da baya. Ya cike suna da adireshi. Da ya zo gurbin kwanan wata sai ya dakata, biro yana sama.

Anti ta leƙo ta ce a hankali, "Ka sa tara, Baba. Kai kaɗai ka rage, ba mai musa maka. In ka sa tara wataƙila su amince."

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ma ya sani. Ya rubuta sha uku, ya danne biron har ya kusa huda takarda.

Ƙarfe sha ɗaya na hau da fayil ɗin ɗakin kwamiti. Ƙarfe biyu aka dawo da shi. A gefen sabon fom ɗin an rubuta da jan biro cewa ranar da mai nema ya kawo ba ta cikin ko ɗaya daga rahotannin biyu, a sake dubawa baɗi. Na kai masa benci na nuna masa. Ya karanta sau biyu, ya gyaɗa kai, ya ce in mayar da shi kanta ta sama, ta ƙasan tana jan danshi.

Sannan ya tambayi Anti ko zai iya shiga ciki minti ɗaya. Ya ɗauki kofin shayinsa, ya kai famfon baranda ya wanke, ya kife shi a bakin taga.