Ruwan da Sasi Yake Nema

A ƙauyensu da ke tsibirin Karkana, ba wanda zai iya cewa ga ranar da ya ga Shadliya a zaune. A tsaye take cin abinci, a tsaye take gaisawa, ko ta'aziyya ta je sai ka same ta a madafa tana ɗauraye kofuna. Tun tana amarya haka take. Mijinta Sasi yana kafa shingen rassan dabino a gonarsu ta cikin teku, ita tana saƙa masa kwandunan da kifi ke faɗawa. Ita ce kuma mai duban wata, ta gaya masa yaushe ruwa zai janye, yaushe zai ciko. Da wannan suka raini 'ya'ya biyu: Munji, mai tuƙa bas a Marsiliya ta ƙasar Faransa, da Rawda, mai koyarwa a birnin Safakis, can tsallaken ruwa.

Cikin sanyin da ya wuce ɓarin jikin Sasi ya shanye. Magana ta tafi, kalma ɗaya ta bar masa: "Ruwa."

Da zafi ya kankama gida ya cika kamar kowace shekara. Munji ya sauko daga jirgin fito da mota maƙare da kaya, Rawda ta biyo shi da nata yaran. Katifu a tsakar gida, yashi a kan kowace shimfiɗa, ɓawon kankana a bayan ƙofa. Shadliya tana turara kuskus da hannu ɗaya, tana juya Sasi da ɗayan, amma hankalinta na kan abu guda: Awussu ya shiga. Kwanakin nan ne kowa ke sauka teku kafin rana ta fito, tsoho da jariri, har da dabbobi, don a wanke ciwon shekara kafin sanyi ya dawo. Tun Sasi yana goye bai taɓa rasa wankan Awussu ba. Ita kaɗai ba ta iya ɗaga shi. In yaran suka koma, ba mai saura a unguwar sai tsofaffi irinta.

"Munji, gobe da sassafe za mu kai babanku teku."

"In Allah ya yarda, Ummi. Sai dai goben nan na yi wa yara alkawarin shiga kwale-kwale."

Aka shiga kwale-kwale. Washegari bikin 'yar ƙanwar Sasi ne, aka kwana biyu ana kiɗa. Daga nan sai gasa kifi a bakin ruwa, sai ƙwallo a kan yashi, sai yawon neman busasshen karnit, kifin nan mai hannaye takwas, don tsarabar mutanen Marsiliya.

"Ummi, ki bar tsohon nan ya huta," in ji Rawda. "Likita fa ya ce..."

"Ya ce kar ruwan gishiri ya taɓa shi?"

"A'a, bai ce ba."

"To me ya ce? Hutu kam ai ya yi shi har ya ishe shi."

Sasi yana jingine a zaure, fuskarsa na kallon ƙofa. Duk sanda yara suka shigo da gashi a jiƙe sai ya ce, "Ruwa." Jikoki su ruga suna tsere, kowa na so a ce shi ya kawo wa kaka kofi. Shi kuwa sai ya sha, don ba shi da bakin ƙi. Shadliya ta gaji da cewa ba ƙishirwa yake ji ba.

Ana gobe tafiya ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ƙulle tsaraba, ta kwance, ta sake ƙullewa. Da la'asar Munji ya shigo yana lalube aljihu.

"Wa ya ga makullin mota?"

"Yana wurina."

"Ba ni mana, zan sha mai."

"In babanka ya jiƙe za ka gan shi."

Munji ya yi dariya, ya dubi fuskarta, dariyar ta tsaya. "Ummi, jirgin hantsi za mu bi fa."

"Shi ya sa za ka tashi da asuba."

Gari bai gama wayewa ba suka fito. Munji na tura keken guragu, Rawda na riƙe da tawul, Shadliya na gaba, ta yi nisa ta dawo, ta yi nisa ta dawo. Suka wuce masallaci, suka wuce dabinai, suka sauka gaɓa.

Babu teku.

Laka ce shimfiɗe da ciyawar ruwa iyakar ganin ido, kwale-kwale a kwance kan haƙarƙarinsu. Can nesa, mutane sun zama kamar ƙudaje a bakin wani farin zare, wato inda ruwan ya koma. Shadliya ta ɗaga kai. Wata cikakke yana shirin faɗuwa a yamma. A irin wannan dare ne ruwa ke yin janyewarsa mafi nisa, yaro ma a nan ya san haka. Ita da ake zuwa tambaya, tun da Sasi ya kwanta ba ta ƙara kallon sama ba.

"Mu jira ya ciko," in ji Rawda.

"Kafin nan rana ta take, jirginku ya tashi."

Munji ya tura keken cikin laka. Taku kaɗan ƙafafun suka lume. Ya durƙusa ya goya ubansa, ya miƙe da ƙyar, ya yi gaba yana nishi, laka na kama shi har ƙwauri. Gadon baya ne na direban bas, bai je ko'ina ba ya fara rawa. Ya tsaya. Gaba ta gagara, baya ta gagara.

"Ruwa," in ji Sasi a kunnensa.

Shadliya tana zagaya su kamar kazar da ta ga shaho, sai ta ji ƙarar ƙafafun amalanke. Rajab ne, maƙwabcinsu na cikin teku, wanda suka shekara da shekaru suna jayayya da Sasi kan iyakar shinge. Ya kawo alfadarinsa wanka, dabbar na jan amalanken.

"Kai! Sasi ne a goye? Sai yanzu za a yaye ka?" Ya ja linzami. "Kai kuma ɗan Faransa, sauke shi kafin mu yi jinyar mutum biyu. Ke kuma Lalla Shadliya, yau wata ya yi miki wayo ke nan?"

"Rufe mini baki, Rajab, ka matso da abin nan."

"Zan ɗauke shi, amma ku shaida, ba shiri muka yi ba. Shingensa har gobe a cikin gonata yake."

Gefen bakin Sasi mai rai ya motsa. Suka kwantar da shi a kan amalanke, Rawda ta tallafe masa kai. Alfadarin ya san hanya, yana bin inda ƙasa ke da tauri. Shadliya ta ƙi hawa. Ta riƙe gefen amalanken tana sassarfa, tana duban gabas inda sama ta fara ja, tana cewa, "Kore shi mana! Dabbar nan barci take yi?"

Ruwa ya taɓa idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai cikin alfadarin. Mata da ke wanka da tufafinsu suka gane ko wane ne, suka saki guɗa. Munji da Rajab suka sauko da shi a hankali har ruwan ya rufe masa ƙirji. Sasi ya ja dogon numfashi, ya rufe ido.

"Ruwa," ya ce.

Rawda ta kai hannu jaka za ta zaro gora. Sai ta tsaya, ta dubi uwarta, ta mayar da hannun.

Sasi ya buɗe ido ya nemi matarsa. Tana tsaye a kansa, tana gyara masa wuyan riga, tana leƙen rana, tana faɗa wa Munji ya riƙe shi da kyau. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama gefen zanenta, ya ja ƙasa. Ta fizge. Ya sake ja.

"Zauna mana, baiwar Allah," in ji Rajab. "Teku ba ta da kofin da za ki wanke."

Ta zauna. Ruwan ya zo mata har wuya, da ɗumi kamar an ajiye mata. Ta laluba ƙullin zanenta ta ciro makulli, ta miƙa wa ɗanta yana ɗiga.

"Ungo. Ku yi sauri kar ku rasa jirgi."

Munji ya karɓa ya jefa a aljihu, ya gyara riƙon da ya yi wa ubansa.

"Akwai na yamma, Ummi."