Kwatar Da Ta Raba Filinmu Biyu

Kulob ɗin ƙwallon garinmu a gonar shinkafa ya fara. Ina aji biyar na sakandare a lokacin, kuma ina cikin waɗanda suka buga masa wasan farko.

A wajenmu, tsakanin Kura da Bunkure, ƙasa ba ta zama haka kawai. Ana kwashe shinkafar damina, alkama ko tumatir su shiga. Hutun gona ɗaya ne a shekara, wato 'yan makonnin da ake rufe babban kanal na ban-ruwa don yashe da gyara. Kafin mu sami fili, a kan hanyar tarakta muke wasa, duk amalanken da ya taho sai a ɗauke ƙwallo a jira ya wuce.

Yayana ne ya kawo maganar kulob, shi ne kuma ya zama kyaftin ba tare da an zaɓe shi ba. Ya je wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya roƙi aron gonakinsa biyu da ke jere a bakin ƙaramin kanal. Na raka shi.

Baffa ya ce, "Aro ne, ka ji ko? Ranar da ruwa ya dawo, yadda na ba ka haka za ka mayar min. Kuma duk ranar da wani ya kawo min ƙara saboda ƙwallo, kun gama. Ba bana kaɗai ba, har abada."

Yaya ya ce ya ji.

Aikin gyaran filin ya fi ƙwallon kanta wuya. Mun tumɓuke tushiyar shinkafa, mun baje kunyoyin da ke tare ruwa. Shanun Fulani sun yi kiwo a wurin tun ƙasa tana da danshi, sawun kofatonsu ya bushe ya yi tauri, sai da muka bi shi da fartanya. Turakun raga na itacen turare ne. Ni aka bar wa awo, don an san ba na gajiya da maimaita abu. Da igiyar awon gona na ja layi, na bi shi da tokar ɓuntu. A wasa kuwa lamba uku nake bugawa, a baya ta hagu, inda ba a buƙatar mutum ya yi magana da yawa.

Abu ɗaya ya dame mu. Tsakanin gonakin biyu akwai 'yar kwata da ke ɗauko ruwa daga kanal ta kai shi lambun wani dattijo da ke bayanmu. Baba muke ce masa. Ya yi renon tumatir da wuri, yana shayar da shi da bokiti daga ɗan ruwan da ya kwanta a gindin kwalbati, wanda kullum raguwa yake. Kwatar ta faɗo daidai tsakiyar fili. Da farko tsallake ta muke yi. Ranar da ɗan gabanmu ya afka ciki ya yi targaɗe, Yaya ya ce a cike ta, a tone idan ruwa ya kusa. Ya ce ya tambayi mai buɗe getin kanal, kuma an ce masa da saura. Aka cike ta, aka daddaɓe.

Daga nan muka gayyaci wani kulob daga wani ƙauye kusa da Bunkure. Su sun daɗe da kafuwa, har jesi gare su. Mu kuwa kowa ya zo da farar singileti, aka rubuta lamba da shuni a baya. Wani malamin firamare ya yarda zai yi alƙalanci, ya zo da usur ɗinsa.

Bayan la'asar suka iso a akori-kura. Kyaftin ɗinsu, wani dogo mai wushirya, ya diro ya dubi filin.

Ya ce, "To, 'yan uwa, ƙwallo aka kira mu ko kala?"

Golanmu ya ce, "Shigo dai, ɗan birni. In ka tsinci shinkafa ka kai wa Inna."

Aka yi dariya, aka fara. Sun fi mu iya taɓa ƙwallo, mun fi su sanin inda ramuka suke. Su suka fara ci. Ni ta ɓangaren kanal nake, saboda haka ni na fara ganin layin toka ya yi baƙi. Na taka wurin, ƙafata ta nutse. An saki ruwa. Ya shigo bakin kwata, ya tarar an toshe, ya fara bazuwa cikin fili. Na kira Yaya, bai ji ni ba.

Ba a jima ba sai ga Baba da fartanya a kafaɗa. Bai yi sallama ba, bai dubi kowa ba. Ana tsakiyar wasa ya ratsa 'yan wasa, ya tsaya inda ake sa ƙwallo a take, ya fara sara. Malam ya busa usur.

Yaya ya ruga ya durƙusa. "Baba, don Allah ka yi mana haƙuri mu ƙarasa. Kaɗan ya rage."

Baba ya ce, "Ruwan za ka ba haƙuri, ba ni ba. Layinmu aka fara ba. Kafin magariba za a juya shi ƙasa, kuma in ya wuce ni sai wani zagayen. Irin nan ba zai kai ba." Ya sake kai sara, sannan ya ɗago. "Ko Baffanka zan je in samu ya tone min?"

Yaya ya waiga. 'Yan kallo sun cika gefen fili, wasu har kan kekuna suka zo daga nesa, kuma wannan ne wasanmu na farko. Wasu daga cikinmu suka fara gunaguni, wai tumatir ba ya mutuwa a yini ɗaya.

Dogon nan mai wushirya ya zauna a ƙasa ya kwance takalminsa.

Ya ce, "Kai, kyaftin, tsayuwar me kake yi? A garinmu ko ɗaurin aure ake, aka ce ruwa ya zo, liman ma gaggautawa yake. Ku kawo shebur."

Yara suka bazu cikin gari, suka dawo da fartanya da shebur da kwanon sarki. Mu da baƙi muka jera a kan tsohon layin kwatar muna tono, Baba yana tafe yana nuna inda bai yi zurfi ba. Golanmu da ɗan gabansu, waɗanda ɗazu suka kusa dambe, shebur ɗaya suke karɓa-karɓa. Da aka fasa ƙarshen, ruwan ya bi hanyarsa, ja da laka, muka raka shi har cikin lambun.

Malam ya ce a ƙarasa wasa. Aka yi doka a nan take: ƙwallon da ta faɗa kwata jifa ce ga wanda bai jefa ta ba. Ɓangarena duk taɓo ne. Mun rama ɗaya, suka ƙara biyu.

Ana tashi Baffa ya iso, wani ya riga ya kai masa labari. Ya bi kwatar a ƙafa daga bakinta har lambu, Yaya yana bayansa, ni ina bayan Yaya. Muka tarar da Baba yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali.

Bayan sun gaisa Baffa ya ce, "Akwai ƙara?"

Baba ya ce, "Ruwa ai ya zo."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Baba ya dubi Yaya, ya dubi lakar da ke jikinsa. "In za su zo min dashe, babu. Ƙattin nan sun iya tono, na gani."

Baffa ya juya ya ce wa Yaya gobe yana son kunyoyinsa a tsaye. Muka tayar da su washegari, aka cire turakun raga aka jingine a zauren gidanmu. Da lokacin dashe ya yi, kulob gaba ɗaya ya shiga lambun Baba, har da mai targaɗe, wanda ya zauna yana miƙa iri.

Da shekara ta zagayo aka rufe kanal, Yaya ya koma wajen Baffa. Baffa ya ba shi aro, amma gona ɗaya, ta gabas da kwata. Ya ce ɗayar ko sawunmu ba ya son gani a cikinta. Na sake awo da igiya, filin bai ɗauki mutum sha ɗaya-sha ɗaya ba. Bakwai-bakwai muka riƙa bugawa, sauran su zauna a kan kunya su jira canji.