Inda Na Shafa Ja

Tsutsa ta cinye mini masara, gona guda, a damina ɗaya. Sau uku na yi feshi. Na bi saman ganye na jiƙa shi da magani, ita kuwa tana can cikin kan masarar, inda sabon ganye ke naɗe, tana ci. Sai da komai ya lalace na ɓare wani kai na gan ta. Gonar ta aro ce, a bayan Samaru, mai ita ya karɓi abarsa. Na koma Dogarawa wajen ƙanena. Daga nan na sami aikin shara da tada janareta a wani ofis a Sabon Gari.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene, ƙasa kuma masu sayar da kayan mota ne. Mai shi mace ce, 'yar wani mai bishara daga kudancin Kaduna, a Samaru ta yi karatu. Malama nake ce mata, tana ce mini Baba. Aikinta gina abubuwa a cikin kwamfuta: gida, kwalba, mutum. Sai ta juya su ta kowane gefe, ta sa su motsi. Ni ban yi boko ba. Ina shara, ina kallo, ba na tambaya.

Wata rana wani malamin gona daga Samaru ya kawo aiki. Ɗan fim yake so, wanda za a tura wa manoma a waya don su san tsutsar masara. Malama ta gina masara tsaye, kore shar. Ta gina tsutsa ɗaya tak, sannan ta sa kwamfuta ta watsa ta a jikin masarar, ɗayar nan ta zama ɗaruruwa. Ashe haka na'urar take yi idan ba a hana ta ba, ko'ina daidai wa daida, kamar an barbaɗa gishiri. Tsutsa a saman ganye, tsutsa a kara, har a kan saiwar da ta leƙo waje. Wasu ma a tsaye suke kamar ƙusa.

Kwana biyu ina wucewa ta bayan kujerarta abin yana ci mini rai. Na san wanda zai kalli fim ɗin. Irina ne. Zai je gona ya duba saman ganye, ya ga babu komai, ya koma gida hankali kwance. Ko ya fesa inda na fesa. Amma shara aka ɗauke ni, kuma na taɓa rasa aiki saboda bakina.

A rana ta uku na tsaya da tsintsiya a hannu.

"Malama, ba nan take zama ba."

Ta juyo ta ce hotuna ta bi, ko tsutsar ce ba ta yi kama ba? Na ce ta yi kama, wurin ne ba nata ba. Na ɗauka za ta ce in je in duba man janareta. Sai ta jawo mini kujera da ƙafa.

Na gaya mata abin da na sani. Ƙwan a dunƙule yake, galibi a ƙarƙashin ganye, da wani gashi-gashi mai launin toka a kansa. Ƙananan suna kankare ganye har ya koma kamar leda. In sun girma sai su shige cikin kai, da rana ba ka ganinsu. Ɗaya za ka tarar ko biyu, don cin junansu suke yi. Abin da ido ke gani a waje kashinsu ne, kamar dusar katako.

Ta danna wani abu, masarar ta koma shuɗiya daga sama har ƙasa, tsutsotsin suka ɓace. Ta ce duk inda yake shuɗi ba abin da zai zauna. Inda aka shafa ja, nan za su taru. Kore kuwa, ɗai-ɗai. Ta miƙo mini wani alƙalami mara tawada da ake ja a kan faifai, ta ce in shafa inda na sani.

Hannuna fartanya ya sani. Na danna da ƙarfi, ganye guda ya yi ja wur, tsutsotsi suka yi masa caa kamar tururuwa a kan rake. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Baba, a hankali. Ba huɗa kake yi ba."

Ta taɓa madannai biyu, ɓarnar ta goge, ganyen ya koma yadda yake. Na daɗe ina kallon yatsun nan nata.

Na sake, da sauƙi. Ɗigon ja ɗaya a cikin kai. Ta rage yawansu har ya zama tsutsa ɗaya, ta kwantar da ita ta bi jikin ganyen. Aka yi wa kashin nata shafen dabam, kore a bakin kai. Ƙwan ne ya ba mu wuya. In na shafa ƙarƙashin ganye, sai ya fito har a sama. Ta ce ganyen da ta gina ba shi da kauri, gaba da baya duk abu ɗaya ne a wajen na'urar. Yini guda ta yi tana ba kowane ganye kauri. Ba ta yi mita ba, sai tsaki jefi-jefi.

Da malamin gona ya dawo ransa bai yi daɗi ba. Ba wai bai san inda tsutsa ke zama ba, ya fi ni sani, aikinsa ne. Cewa ya yi mutane ba sa tsayawa kallon masara mai lafiya, sai sun ga abin tsoro, in ba haka ba su wuce. Ya tambayi wanda ya canza. Malama ta nuna ni. Ya dubi tsintsiyar, ya dube ni. Na san in ya tafi da aikinsa, saboda ni ne.

"Ranka ya daɗe, ni ma masara mai lafiya na gani. Sau uku ina yi mata feshi a sama."

Ya tambayi inda gonar take, na faɗa masa. Ya san wurin. Ya sake kallon kwamfutar, sannan ya ce a bar shi yadda yake, amma a fara da masarar daga nesa, a matso a hankali, a buɗe kan, tsutsar ta bayyana. Shi ya ƙara da cewa a nuna hannu yana zuba toka ko ƙasa a ciki. Malama ta tambaye ni yawan tokar. Na nuna mata da yatsu uku.

Fim ɗin bai kai minti biyu ba. Na gan shi daga baya a wayar wani a coci, bai san da hannuna a ciki ba, ban kuma gaya masa ba. Ko ya ceci gonar wani, ban sani ba.

Har yanzu ina ofishin, ina shara. In aikin watsa wani abu ya zo, ciyawa a fili ko tsatsa a jikin mota, Malama takan miƙo mini alƙalamin. A Dogarawa ina da kunya shida ta masara a bayan ɗakin ƙanena. Kullum da safe kafin in hau mota nakan bi su ɗaya bayan ɗaya, in buɗe kai in duba.