Mai Fentin da Ya Raina Tsani

Ba-Tsani ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Mai fenti ne, dogo, ga baki. In aka ba shi aikin gida sai ya kife bokiti a kan tebur ya haye, ya miƙa hannu yana shafe silin yana fito, yana faɗa wa duk wanda ya gifta cewa tsani na gajeru ne da matsorata. Matarsa ta ji maganar nan har ta haddace, don ko ƙwan lantarki zai canja a gida sai ya maimaita ta.

A falon wani mai kanti bokitin ya gaji da shi. Ya sulɓe, gogan ya sauko ta kafaɗar dama, farin fentin da ke gefensa a kan teburin ya biyo shi ya yi masa wanka. A haka matar ta same shi a asibiti, fari fat, yana kiran uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Likita ya ce babu karaya, jijiyoyin da ke riƙe ƙashin wuya da kafaɗa ne suka tsinke, shi ya sa kan ƙashin ya taso kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata. Aka rataye masa hannun a wuya da ƙyalle, aka ce bayan 'yan makonni ya kwance ƙyallen, ya je wurin mai gashin ƙashi.

Mai gashin ƙashin mace ce, ba ta da surutu. Ta tsayar da shi gaban bango ta ce, "Ɗora yatsunka nan, ka riƙa tafiya da su sama a hankali. Kullum, safe da yamma. Zai yi zafi, ka daure. In ka bar ta, kafaɗar za ta sandare."

Suna fitowa ya ja tsaki. "Ni da nake shafe bango da buroshi, ni zan tsaya ina yi masa susa kamar ƙadangare?"

"Maigida, ai ba mai ganinka," in ji matar. "In ma ni ce, sai in fita in ba ka wuri."

"Ke dai ba abin da kika sani. Jikina ya san aikinsa."

Abin da jikin nasa ya sani shi ne zaman benci a ƙofar shagon sayar da fenti. Ƙyallen da aka ce ya kwance ya ƙi rabuwa da shi, don ya gano yana jawo masa sannu da shayin kyauta. Yakan janye wuyan riga ya nuna ƙullutun, ya ce a taɓa a ji. Labarin faɗuwar ma ya yi ta tsawo. Daga tebur ya koma taga, daga taga ya haye bene. A gida kuwa matar ce mai ɓalle masa maɓallin riga, ita ce mai cuɗa masa baya. Ta roƙa, ta yi faɗa, har ta tsaya gaban bango ta yi tafiyar yatsun da kanta don ya ga ba abin kunya ba ne. Ya ƙara ƙarar rediyo.

Da ya ga dama ya cire ƙyallen, hannun ya ce bai san zancen ba. Yakan tashi zuwa daidai kafaɗa ya tsaya cak, da wata 'yar ƙara ƙas a cikin gaɓar. In gari ya yi sanyi sai tsami, kwanciya ta gefen dama kuma ta gagara. Mai gashin ƙashi ta ce har yanzu ana iya ƙwato wani abu, sai dai zafin zai fi na da. Bai koma ba. Ya zagi likita, ya zage ta, ya zagi wanda ya ƙera bokitin. Ya gwada aiki da hagu, bango ya fito zane-zane. Masu ba shi aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an yi faɗa ba.

Don ya nuna wa duniya ya warke, sai ya ce zai sabunta ɗakinsu da shuɗi. Ya shafa ƙasan bangon tsaf, gwanin kyau, don a gaskiya ya iya. Da fentin ya kai daidai kafaɗarsa sai aikin ya tsaya. Sama ta zauna da tsohuwar dauɗarta, shi kuma kullum gobe. Damina ta zo ta wuce matar tana kwana tana tashi da wannan layi a idonta, kuma duk kallon da ta yi masa sai ta ji mijin ya ƙara ficewa daga ranta.

Wata safiya ta aro tsani wurin kafinta maƙwabcinsu, ta shigo da shi tana bugun ƙofa.

"Tsani? A gidana?"

"Riƙe min, ko ka matsa."

Ya riƙe. Kafin rana ta faɗi ta gama sama har silin. Matar kafinta ta leƙo ta gani ta ce a yi musu nasu, daga nan wasu suka biyo. Yanzu tare suke fita, ƙasa tasa, sama tata. Shi ke saɓa tsanin a kafaɗar hagu, yana gaya wa masu gida cewa iyali ce take ɗan taya shi. Ba ta taɓa ƙaryata shi ba, don ta raina maganar.

Kwanan baya, a wani ɗaki da suke aiki, ta waiwayo daga saman tsani. Ya ɗauka hankalinta na kan silin. Hagunsa na riƙe da tsanin, ya cije leɓe, yatsun damansa na rarrafe a bango, a hankali. Suka kai daidai kafaɗa suka tsaya. Abin da ta yi ta roƙo ke nan tun hannun yana da sauran rai. Ta laluba zuciyarta ko akwai tausayi, haushi kawai ta tarar.

"Maigida," ta ce, "fentin nan bai bushe ba. Riƙe tsanin da hannu biyu."